Idon da na dasa wa motata a ƙeya

Edita, ina gaisuwa da kai da masu karatu. Ka yi haƙuri da rubutun nan, biro bai saba da hannuna kamar yadda sitiyari ya saba ba. Makaranta dai na shige ta ta ƙofa, na fita ta taga tun ban gama firamare ba, domin ranar da wata babbar mota ta tsaya a bakin makarantarmu tana huci na gane malamin lissafi ba shi da sauran abin da zai ƙara mini. A lokacin da abin nan ya faru ni dattijo ne mai furfura har a gira, tsohon direban babbar mota wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwasar dankalin Turawa daga Filato zuwa Kano da Legas, wanda kuma bai taɓa yarda akwai abu mai taya da ya fi shi wayo ba. Babban ɗana, mai aikin jinya a wani asibiti a nan ƙasar Turawa, shi ya ɗauko ni da mahaifiyarsa ya kawo mu gidansa a Bowie, wai mu huta. To hutu ga direba ciwo ne. Na kalli talabijin har na fara ba mai karanta labarai amsa. Da na ga zan zautu, sai na sami lasin, na kama tuƙa wa wani shagon kayan abincinmu da ke Hyattsville motar kaya, ina kai musu doya da manja da buhunan shinkafa.

Abin da na tara a wannan aiki da shi na sayi motar da ta jawo mini wannan labari. Wani tsohon Bature ne a Springfield ya sayar mini, gwiwoyinsa sun gaji da hawa da sauka. Mota ce mai gida a cikinta, irin wadda Turawa ke tafiya yawon daji da ita. Akwai gado, akwai murhu, akwai firij, har da ɗan banɗaki wanda in ka shiga sai ka fito da baya. Ranar da na zauna a kujerar direbanta na hango kan ƙananan motoci daga sama, wallahi sai na ji shekaru sun zube daga kafaɗata. Akwai wani abokina Alhaji, mutumin Kumasi, ɗan tasi ne, muna wasa da shi sosai. Ni ina yi wa Hausarsa dariya, shi yana yi wa tawa, Kanawa kuma suna yi mana mu biyu. Da ya ga motar sai ya zagaye ta ya riƙe baki, ya ce ai wannan jirgin Annabi Nuhu ne, dabbobin kawai suka rage, kuma tunda ga ni a ciki an riga an fara loda su.

Matsalarta ɗaya ce: ba ta ganin bayanta. A gida wannan ba damuwa ba ce, domin kowane direba yana da karen mota. In za ka yi ribas, yana baya yana dukan bodi yana kiran ka taho, ka taho, in ya buga da ƙarfi ka taka birki. Da kunne muke komawa baya, ba da ido ba. A nan kuwa babu mai buga maka bodi, kowa yana cikin gidansa da kofin shayi yana leƙenka ta labule. Wata ranar Asabar ina shigar da ita da baya a filin ajiye mota na gidan ɗana, sai na ji wani ɗan ƙaras. Na sauka na tarar da akwatin wasiƙun maƙwabcinmu ya yi sujada. Ni a ganina akwatin ne aka kafa a inda bai kamata ba, amma ba wanda ya nemi ra'ayina.

Ɗana ya je ya ba da haƙuri, ya sayo sabon akwati ya kafa da hannunsa. Da yamma ya same ni a falo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar yadda aka koya masa, ya yi ƙasa da murya. Duk wanda ya haifi yaro ya san in ya zauna haka to maganar ba mai daɗi ba ce. Ya ce Baba, ba raini ba ne, amma ido yana tsufa ko da hannu bai tsufa ba, kuma unguwar nan cike take da yara. Ya ce ya sayo mini kyamarar da ake maƙalawa a bayan mota, mai ɗan allo da ake ajiyewa a gaban direba, kuma ya yi magana da wani gareji za su haɗa ta nan da ƙarshen wata. Sannan ya kawo inda ya nufa. Ya ce in motar nan ta sake taɓa wani abu, ko da kwandon shara ne, zai roƙe ni makullinta, a sayar. Da ladabi ya faɗa, amma na san irin wannan ladabin, irin na likita ne kafin ya caka allura. Uwar yara tana gefe tana tsince wake, kuma na lura ba a wajena ta tsaya ba.

Makullin nan, Edita, shi ne sauran abin da ya rage nawa na kaina a ƙasar nan. Gida na ɗana ne, wayar hannuna shi ke biya, ko maganin hawan jini shi ke ƙirga mini. In aka karɓe shi, na koma tsohon da ake ajiyewa a kujerar baya tare da jikoki. Ga shi kuma kafin ƙarshen watan akwai taron cin abinci na shekara da ikilisiyarmu ke yi a wani wurin shaƙatawa lokacin zafi, kuma na riga na yi wa zumuntar mata alkawari da bakina cewa ni zan kwaso musu tukwane. Sai na ɗauko kwalin kyamarar na juya shi. Waya biyu ce kawai, ja da baƙa. Ni da na taɓa gyara wutar babbar mota a bakin hanyar Lakwaja da wayar shanya, a ce sai na jira wani yaron gareji ya haɗa mini waya biyu? Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Akwai wata takarda a cikin kwalin, rubutunta ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na shimfiɗa ta a ƙasa na ɗora sukurori a kai don kada su ɓata, kuma har yau ina ganin ta yi amfani.

Abin da ake so shi ne a haɗa jar wayar da wayar farar fitilar da ke kamawa in an sa ribas, yadda da ka sa giya kyamara za ta farka. Wannan na gane shi ba tare da an karanta mini ba. Na bari sai da ɗana ya tafi aiki, na huda na ɗaura kyamarar a saman lamba, na kwance murfin fitilar baya, sai ga wayoyi cunkus kamar taliya. Mu a tasha ba ma bin launin waya, domin kafin mota ta iso hannunmu ta bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa ya jona abin da ya samu. Ƙwan fitila muke ɗaura wa waya da allura, mu riƙa tsira wa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kunna ƙwan ita ce. Sai dai dole wani ya zauna a gaba ya sa ribas, kuma motocin nan ba sa shiga giya sai an taka birki.

Sai na je na lallaɓo uwar yara. Matar nan tun da nake da ita ba ta taɓa zama a kujerar direba ba, ko keke ba ta yarda da shi ba. Ta ce ita ba ruwanta, yaro ya ce a jira gareji. Na ce mata yaron ni na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Da ƙyar ta hau tana ambaton sunan Ubangiji. Na ja birkin hannu, na nuna mata inda za ta taka da yadda za ta ja giya, na kuma gargaɗe ta cewa ni zan durƙusa a bayan taya, saboda haka ko ƙahon ƙarshe aka busa kada ta ɗaga ƙafarta, sai dai in tana marmarin zama gwauruwa a ƙasar da ba ta san hanyar kasuwa ba. Ta ce kada in ba ta shawara. Ta kuwa taka birkin nan da ƙafa biyu, ta rufe ido. Ina zuwa baya na tsira allura a wayar farko, shiru. Ta biyu, ƙwai ya kama tar. Ban ko kalli sauran ba. Na fere wayar da haƙori, na murɗa, na naɗe da baƙin salatif, na mayar da murfi. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, a wannan lokacin wayoyi biyu ne ke ɗauke da wuta: ta ribas, da ta danja, wato jar fitilar da ke kamawa in an taka birki. Ni kuwa ta danja na kama.

Na sauke ta na hau don gwaji. Na taka birki, na sa ribas, sai ga hoto ya fito a allo raɗau, har tukunyar furen surukata ina gani. Na kira uwar yara ta koma baya ta ɗaga hannu, na gan ta, na ce mata a talabijin ma ta fi kyau. Na mayar da giya, na kashe mota, na wanke hannu. Ko taku ɗaya ban matsa da motar ba. Da ɗana ya dawo na nuna masa kamar yadda na gwada, ina zaune ƙafata a kan birki. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce Baba sannu da aiki, amma fuskarsa irin ta wanda aka ba canji ne yana jin bai cika ba.

Ranar taro na fita da gaba, domin da ma hancin motar waje yake kallo. A Hyattsville ma, inda matan suka yi girkin, zagayawa na yi ban sa ribas ba. Aka loda kulolin shinkafa, da soyayyen nama, da jarkokin zoɓo da kunun gyaɗa. Sai babbar tukunya, wadda sai da maza biyu suka ɗauko ta: gwaten acca ne, da yakuwa da gauta da ƙashin saniya, wanda aka yi da accar da wata ta ɗauko tun daga gida a cikin akwatinta. Wanda ba ɗan wajenmu ba ba zai gane ba, amma akwai mutanen da suka tuƙo daga nesa saboda gwaten nan kaɗai. Aka ajiye ta a ƙasa kusa da ƙofar gefe, uwar yara ta zauna ta dafe murfin. A hanya sai na lura duk inda na tsaya a jar wuta allon nan yana kamawa, ya nuna mini motar da ke bayana. Mai hankali da nan zai tsargu. Ni kuwa na waiwaya na ce wa uwar yara ta gani, kamfanin sun yi mana gyara, mun sayi ido na ribas sun ƙara mana na kan hanya kyauta.

Rumfar da aka kama mana tana ƙarshen wata siririyar hanya mai ɗan gangare, dole sai da baya za a shiga in ana so a sauke kaya kusa. Jama'a sun cika, fasto yana nan, ɗana yana tsaye ya harɗe hannu. Alhaji, wanda na gayyato don ya ci abincin mutanen kirki, ya taho da gudu ya ce bari ya tsaya mini a baya. Na leƙo ta taga na ce masa ya je ya nemi inuwa, zamanin karen mota ya wuce, yanzu ido gare ni a ƙeya. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, kuma kowa ya ji.

Na taka birki, na sa ribas, hoto ya fito. Na ɗaga ƙafa, mota ta motsa, allo ya yi baƙi ƙirin. Na taka, hoto ya dawo. Na ɗaga, duhu. Nan take na gane abin da na aikata, zufa ta karyo mini har cikin takalmi. Na ƙera idon da ba ya buɗewa sai an tsaya cik, da an fara tafiya ya runtse. Abin da ya kamata shi ne in kashe mota, in kira Alhaji, a yi mini dariyar yini ɗaya a wuce wurin. Amma ga ɗana yana kallo, ga maganar da na saki ba ta ko huce ba. Sai na ce a raina ai da sauƙi, zan riƙa leƙawa ina tafiya. In taka in gani, in saki in gangara, in sake takawa. Motar nan mai nauyin gida ta shiga tafiya kamar kwaɗo. Duk takawa sai ta yi gaba ta yi baya, kwanuka suna kaɗawa, uwar yara tana kiran sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun muna saurayi da budurwa. A waje kuwa na hango fasto ya cire tabarau yana gogewa. An ce Alhaji ya tambayi ɗana ko motar shaƙuwa take yi, a kawo mata ruwa.

Da na ga na yi rabin hanya lafiya sai na ƙara tsawon sakin, don a rage yawan tsallen. A nan ne na ji ihu ya tashi ta ko'ina. Na taka birki da duk ƙarfin da Allah ya bar mini. Hoto ya fito, kuma ba komai a allon sai ɗankwali. Tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ikilisiyarmu ce, ta jawo kujerarta ta naɗewa zuwa inuwar bakin rumfa a daidai lokacin da idona yake rufe, ta ba ni baya tana ɓare gyaɗa, ga shi kunnenta ya yi nauyi. Tsakanin ƙarfen motata da kujerarta bai fi a zura hannu ba. A cikin motar kuwa, wannan birkin ya ƙwace tukunya daga hannun uwar yara. Na ji wani ƙuuu, sannan shiru.

Ɗana ne ya buɗe ƙofar gefe. Gwate ya sauko matakala a hankali kamar baƙon da aka yi wa iso, ƙashin saniya yana biye. Bayansa uwar yara ta fito, zanin zumuntarta ya jiƙe har gwiwa, murfin tukunya a hannunta. Allah ya taimaka girkin tun safe ne, ya huce, ba ta ƙone ba. Ni kuwa da na sauko, sai bakina ya riga hankalina, na ce a dai shaida ban taɓa komai ba. Uwar yara ta dube ni, ta juya wajen jama'a, ta ba da labarin allura da ƙwan fitila tun daga farko, har da maganar zama gwauruwa, ba ta rage ko gishiri ba. Da aka yi wa tsohuwar bayani da ƙarfi a kunne, sai ta ce ita ta daɗe tana jiran motar da za ta kai ta wurin Ubangiji, amma ba ta zaci da baya za ta zo ba. Nan wuri ya fashe da dariya, har da masu hawayen gwate. Alhaji ya ce yanzu ya gane dalilin da ya sa Annabi Nuhu bai taɓa yin ribas ba.

Ɗana kaɗai bai yi dariya ba, ni ma da na sake kallon kujerar nan sai tawa ta tsaya. Ban jira ya roƙa ba. Na zaro makullin na miƙa masa a gaban kowa, na je na durƙusa na ba tsohuwa haƙuri, na bi matan zumunta ɗaya bayan ɗaya. Hukuncin da suka yanke mini shi ne wankin tukwane duka, kuma na yi shi, jikokina suna ɗaukata hoto.

Kwanaki makullin yana wurinsa, ban tambaya ba. Ran wata Asabar sai ya fito da tsofaffin kaya a jikinsa, riƙe da sabuwar takarda da ya buga daga kwamfuta, ya ce Baba zo mu duba wayar nan, ni in karanta kai ka yi. Muka durƙusa tare a bayan mota. A nan na gano mutumin da ke nemo jijiya a hannun jariri bai iya fere waya ba, na nuna masa, da filaya ba da haƙori ba, don ya ce haƙoran nan shi ke biyan kuɗinsu. Muka mayar da ita kan wayar ribas, muka je wani fili da babu kowa muka yi ta komawa da baya har ya gamsu. Da muka dawo gida na miƙa hannu, sai ya wuce ni ya ba mahaifiyarsa makullin. Ya ce ba za a sayar ba, amma a jakarta zai zauna.

Abin da na koya, ya ku tsofaffin direbobi 'yan'uwana da aka kawo ƙasar nan hutu, ga shi. Abin da aka yi don tafiya, a gwada shi a tafe. Duk abin da ke tsaye lafiyayye ne, har ni. Takardar cikin kwali kuma, in idonka bai iya ba, ba yaron ya karanta maka, ba a rage wa hannu daraja don ya ari ido. Mafi girma, in ka gane kuskurenka a tsakiyar hanya, tsaya a nan, ka sha dariyar da za a yi maka. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa saura ƙiris ya hau kan baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ni da sauƙi na fita, gwate kawai aka yi asara, ba kowa ke samun irin wannan rangwame ba.

Yanzu in zan fita sai in je in tsaya a ƙofar kicin in yi gyaran murya. Ta san abin da nake so sarai, amma sai ta gama abin da take yi, ta goge hannu, ta tambaye ni ina za ni, da wa, kuma ƙarfe nawa zan dawo. Ni da na yi rabin rayuwata ina fita Legas ba tare da an tambaye ni ba, sai in tsaya in ba da amsa tiryan-tiryan. Wani lokaci ma sai ta ce amsar ba ta gamsar da ita ba, ta ɗauko gyalenta ta shige gaba.